Kumburin gaba da matsalolin loɓa: wanda ake ƙyalewa da wanda ba ya kwana a gida

A Tahoua, kamar sauran ƙasar Hausa, kusan kowane namiji an yi masa kaciya, shi ya sa mutane da yawa suke ganin maganar loɓa, wato fatar da ke rufe kan azzakari, ba ta shafe mu ba. Ta shafe mu. Yaro yana iya kai shekara biyar ko bakwai kafin a kai shi wajen wanzami ko asibiti, kuma duk tsawon shekarun nan yana tare da loɓarsa, a hannun uwa da kaka da yayye masu yi masa wanka. Ita kanta kaciyar, idan sanyin ɗari ya shigo aka tara yaran unguwa, tana zuwa da nata matsaloli. Ga kuma kumburin da ke samun baligi, wanda ba ruwansa da loɓa.

Kuskure biyu ne ke ɓata lamarin a gidajenmu. Inda ya kamata a ƙyale, sai hannu ya yi yawa: a ja, a murza, a shafa wannan a shafa wancan. Inda kuma ya kamata a tashi cikin dare a nufi asibiti, sai kunya ta sa a jira gari ya waye, a gwada jiƙo tukuna. Abin da ya sa jinkiri ke da tsada a wannan gaɓa shi ne yadda jini ke zagaya ta. Jijiyoyin da ke mayar da jini cikin jiki suna kusa da fata, masu laushi ne, ɗan matsi kaɗan ke toshe su. Masu kawo jinin kuwa suna can ciki, da ƙarfin bugun zuciya a bayansu. Saboda haka duk abin da ya zagaye azzakari ya matse, fata ce ko gashi ko bandeji, hanyar komawa yake fara tarewa. Jini na shiga, ba ya fita. Wurin ya kumbura, kumburin ya ƙara matsi, matsin ya ƙara kumburi, har a kai ga jinin ba ya iya shiga ma, nama ya fara mutuwa. Duk wannan cikin awowi yake faruwa.

Loɓar yaro ƙarami

Ana haihuwar jariri da loɓarsa manne da kan azzakari, bakinta a tsuke. Halitta ce. Wani likitan yara na Ingila, Douglas Gairdner, ya nuna tun 1949 cewa jarirai 4 ne kawai cikin 100 loɓarsu ke ja baya gaba ɗaya lokacin haihuwa, amma zuwa shekara 3 kusan 90 cikin 100 ta sake. Binciken da Jakob Øster ya buga a 1968 kan ƴan makaranta a Danmak ya sami tsukewar a yara 8 cikin 100 masu shekara 6 zuwa 7, ta ragu zuwa 1 cikin 100 a shekara 16 zuwa 17, ba tare da an yi musu komai ba. Fatar da kanta take rabuwa da kan, a hankali.

Ɓarnar tana farawa ne ranar da wani ya ce sai an buɗe an wanke ciki, ya ja da ƙarfi. Bakin loɓar ya tsage, ɗan jini ya fito, yaro ya yi kuka, a ce ai ya wuce. Bai wuce ba, domin tsagar da tabo take warkewa, tabo kuwa ba ya miƙewa kamar lafiyayyar fata. A maimaita sau uku ko huɗu, an ƙera wa yaro tsukewar gaske da hannu. Wankan da ya dace shi ne a wanke waje da ruwa, kamar yadda ake wanke yatsa. Idan fatar ta fara sakewa da kanta, a ja ta iya inda ta tsaya ba tare da ciwo ba, a zuba ruwa, a mayar da ita mazauninta. Mayarwar nan kada a manta da ita ko sau ɗaya.

Abu biyu kan tsorata iyaye alhali ba komai ba ne. Wani lokaci ana hango ƴan dunƙule farare a ƙarƙashin fatar, sai a ɗauka mugunya ce. Matattun ƙwayoyin fata ne da maiƙon jiki suka taru, za su fito da kansu. Haka nan idan loɓar ta ɗan cika kamar balan-balan lokacin fitsari sannan ta saɓe, muddin fitsarin na fita da ƙarfinsa, babu ciwo, babu masassara, ba abin tashin hankali ba ne.

Tsukewar da ke buƙatar magani, wadda likitoci ke kira fimozis, tana da kamanninta. Bakin loɓar ya zama farin zobe mai tauri, yana tsagewa yana jini. Fitsari ya koma siriri kamar zare, yaro na nishi kafin ya fito. Ko kuma loɓar da a da take ja baya yanzu ta ƙi. Wannan a kai shi a duba cikin mako, ba sai an yi gudu ba. Sau da yawa ana farawa da man shafawa mai suna betametazon mai ƙarfin kashi 0.05 cikin 100, ɗan kaɗan kamar ƙwayar dawa, a kan zoben kawai, safe da yamma, mako 4 zuwa 8, ana haɗawa da ɗan ja a hankali. Yawancin yara suna samun sauƙi da shi. A hannun likita za a karɓe shi. Mayukan canza launin fata da ake sayarwa a kasuwa suna ɗauke da ɗan'uwan wannan sinadari mai ƙarfi ninkin-ba-ninkin, suna sirantar da fata, kada a kusanto da su wurin. Tun da dai yaron za a yi masa kaciya ko ba jima ko ba daɗe, likita kan ce a matso da ita kusa, amma ba a yanka fata tana cikin kumburi da mugunya. Sai ta lafa.

Idan fata ta maƙale a baya

Wannan ita ce matsalar loɓa da ba ta jira. An ja fatar baya wajen wanka, ko yaro ya ja da kansa yana wasa, ta wuce bayan kan azzakari inda yake da gefe mai tudu, ta ƙi dawowa. Sunanta a asibiti parafimozis. Har ma'aikacin lafiya yana iya jawo ta idan ya sa robar fitsari ko ya duba yaro ya manta bai mayar da fatar ba. Cikin awa ɗaya zuwa biyu kan ya kumbura, bayansa kuma wata fata mai ruwa-ruwa ta taso kamar gammo, a bayan gammon akwai siririn zobe da ya nutse cikin nama. Zoben nan ne mai shaƙewar.

Idan asibiti na kusa, a tafi kawai. Idan kuwa ana ƙauyen da sai an nemi mota ko amalanke, kuma abin bai daɗe ba, ana iya gwadawa sau ɗaya. A ba yaro parasetamol, miligiram 15 ga kowane kilo na nauyinsa. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, a naɗe kan da kumburarriyar fatar, a riƙe cikin tafin hannu a matse da ƙarfi daidai gwargwado, ba sakewa, minti 5 zuwa 10 da agogo. Manufar ita ce a kore ruwan da ya taru ya koma baya, kuma gaggawa a nan ita ke sa a kasa. Bayan haka a ɗan shafa bazilin a kan, a ɗora manyan yatsu biyu a kansa ana tura shi ciki, sauran yatsun suna bayan zoben suna jawo shi gaba, kamar mai tura maɓalli cikin kafarsa. Idan ta dawo, za a ga fatar ta rufe kan gaba ɗaya, ciwon ya faɗi nan take. Duk da haka a kai shi a duba washegari. Idan ta ƙi, ko kan ya yi duhu ya yi sanyi, ko fitsari ya tsaya, kada a sake gwadawa, kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye a fata. A asibiti za a kashe zafin wurin da allura a mayar, in ta ƙi a ɗan tsaga zoben ta sama, aikin ƴan mintoci, sannan a yi kaciya bayan kumburin ya sauka.

Akwai wani mai kama da wannan da ke samun har jaririn da aka yi wa kaciya. Mai jego takan yi zubar gashi wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa. Sili ɗaya na gashi, ko zaren tsumma, ya naɗe azzakarin jariri ya nutse cikin kumburi har ba a ganinsa. Jaririn da ke tsala kuka ba dalili, a kwance masa ƙugu a duba gabansa da yatsunsa a wuri mai haske. Idan an ga layi ya zagaye wurin kuma ba a iya cire gashin duka ba, asibiti. Masu ɗaure wa yaro gaba da zare don hana fitsarin kwance kuwa, su sani zaren yana iya yanka hanyar fitsari ya huda ta, ko ya kashe kan baki ɗaya.

Kumburi da ja da ƙaiƙayi a bakin loɓa, wani lokaci da ɗan ruwa mai wari, shi ya fi yawa kuma shi ya fi sauƙi. Ragowar fitsari, zufar bazara, ƙasar da yaro ke zama a kai, ko sabulu mai kaifi ke jawo shi. A tafasa ruwa lita ɗaya, a zuba gishiri ƙaramin cokali biyu a shafe, a bari ya huce ya zama ɗumi, a zaunar da yaro ciki minti 10, sau biyu zuwa uku a rana. Ban da sabulu, ban da Dettol, ban da alkol ko ruwan jabel, duk ƙona wurin suke. Idan kwana biyu bai ragu ba, ko ja ya haura jikin azzakari, ko masassara ta shigo, sai an haɗa da maganin asibiti. Cizon cinnaka ma yakan kumbura wurin ya yi girma mai ban tsoro, amma laushi gare shi, ƙaiƙayi ya fi ciwo, fitsari na fita lafiya.

Kafin kaciya da bayanta

Tambayoyin da ake yi kafin aska ta taɓa yaro sun fi duk maganin da za a nema daga baya. A duba inda kafar fitsari take. Idan ba a tsinin kai take ba, tana ƙasa, loɓar kuma ta taru a sama kamar hula, kada a yi kaciya. Ana haihuwar kusan yaro ɗaya cikin 200 zuwa 300 da wannan, kuma da loɓar ce likitan fiɗa yake gyara hanyar fitsarin. Wanzamin da ya yanke ta ya zubar da kayan gyara. A tambaya kuma: a cikin yayyen yaron, ko kawunnansa ƴan'uwan uwarsa, akwai wanda jini ya ƙi tsayawa bayan kaciya ko cire haƙori? Ciwon rashin daskarewar jini ta wajen uwa yake bi ya faɗa kan ƴaƴa maza. Jaririn da aka haifa a gida bai sami bitamin K ba, shi ma jininsa yana iya ƙin tsayawa a makonnin farko. Kuma aska ɗaya ba ta yi wa yara biyu, domin ciwon hanta na B da sida ta jini suke bi.

Jinin jariri kaɗan ne ƙwarai, kusan mililita 80 ga kowane kilo. Mai kilo uku da rabi duk jininsa bai kai mililita 300 ba, don haka abin da zai cika ƙaramin kofin shayi ya isa ya jefa shi cikin haɗari. Idan jini na ɗiga, a danne da bandeji mai tsabta minti 10 cur, ba ɗagawa ana leƙe. Bai tsaya ba, a ci gaba da dannewa a kama hanya. Yawanci wata ƴar jijiya ce a ƙasan kai, ɗinki ɗaya ko biyu ke tsayar da ita. Kada a ba yaro asfirin, ƙara zubar jini take.

Ɗan kumburi da wani rawayan abu da ke lulluɓe kan a kwanakin farko alamar warkewa ce, kada a kankare. Abin da ba daidai ba shi ne yaro ya yi awa 8 bai yi fitsari ba, wanda sau da yawa ɗauri ne ya yi tsauri sai a sassauta, ko kan ya yi baƙi, ko wari da mugunya da masassara, ko ja ya bazu zuwa mara. Toka, ƙasa, kashin dabba da garin da ba a san tsabtarsa ba, idan aka zuba su a kan raunin, su ne hanyar tetanos, ciwon sarƙewar haƙora, wanda ke bayyana kwana 3 zuwa 21 bayan rauni: jariri ya kasa kama nono, babba ya kasa buɗe baki. Idan da zoben roba aka yi kaciyar, ya kamata ya faɗi cikin kwana 5 zuwa 8. Ya kai kwana 10, ko ya zame ya koma jikin azzakari, a je a cire. Idan kuwa tsautsayi ya sa aska ta ɗauke wani yanki na kai, kada a binne shi. A naɗe shi a bandeji mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, a tafi da shi tare da yaron, domin cikin awowin farko ana iya ɗinke shi ya kama. Watanni bayan kaciya, idan fitsari ya koma siriri yana harbawa sama, bakin kafar ne ya tsuke, gyaransa ƙaramin aiki ne.

Na manya

Miƙewar gaba da ta ƙi kwanciya, ba tare da sha'awa ba, tana ciwo, ita ce wadda kunya ta fi cinyewa. A ƙasarmu babban sanadinta amosanin jini ne, wato sikila, kuma tana kama har yaran da ba su balaga ba, galibi da asuba. Wasu magungunan taɓin hankali da alluran ƙarfin maza su ma suna jawo ta. Jinin da ya maƙale ba ya samun iska, yana yin baƙi ya yi kauri. Daga awa 4 naman ciki ya fara lalacewa, wanda ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu kuwa da wuya ƙarfinsa ya dawo kamar da. Da ta fara, a sha ruwa da yawa, a yi fitsari, a yi tafiya, a yi wanka da ruwan ɗumi. Mai sikila kada ya sa ruwan sanyi, sanyi ƙara maƙale jininsa yake. Awa biyu ta wuce, a kama hanya, kada awa 4 ta cika a ɗaki. A asibiti ana zuƙe jinin da allura, a sa maganin da ke tsuke jijiyoyi. Iyayen yaro mai sikila su gaya masa wannan tun kafin ya faru, don yaro ba zai kawo maganar da kansa ba. Wanda take yi masa zuwa-da-komawa na ƴan mintoci ya faɗa wa likitan da ke bin sa, ko a cibiyar masu amosanin jini ta ƙasa da ke Yamai, domin gajerun su ke share wa doguwar hanya.

Idan ana cikin saduwa aka ji ƙas, gaba ya kwanta nan take, ya kumbura ya yi duhu ya karkace, rigar da ke riƙe jinin miƙewa ce ta yage. Ɗinki take so cikin kwana ɗaya. Jini a bakin kafar fitsari na nufin hanyar fitsarin ma ta taɓu. Ciwo mai tsanani da ya faɗo wa ɗan maraina ɗaya farat ɗaya, musamman ga saurayi, da amai, shi ma na fiɗa ne, kuma awa 6 ce iyakarsa.

Mafi kisa a cikinsu shi ne ruɓewar da likitan Faransa Fournier ya bayyana a 1883. Takan fara da ciwo a maraina ko matsematsi wanda ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, sai masassara, sai kumburi, sai fata ta yi baƙi tana wari, in an danna a ji kamar iska a ƙarƙashi. Masu ciwon suga da masu tsohuwar toshewar hanyar fitsari ta fi kamawa. Ko a manyan asibitocin duniya tana kashe kusan ɗaya cikin biyar, kuma ƙwayar magani kaɗai ba ta tsayar da ita sai an yanke mataccen naman. Tun da an ambaci suga: magidancin da kan gabansa ke yawan ja da ƙaiƙayi da tsagewa, ya shafa kulotirimazol safe da yamma mako biyu ya warke ya dawo, ya je a auna jininsa kafin ya karya. Suga giram 1.26 a litar jini ko fiye, a awo biyu, ciwon suga ne. Ga maza da yawa wannan ce alamar farko.

Mugunya daga kafar fitsari da zafin fitsari kwana 2 zuwa 7 bayan saduwa ciwon sanyi ne. Kafso biyu na mai talla yana iya ɓoye shi, amma shekaru bayan haka tabon ya tsuke hanyar fitsari. Magani cikakke ake so, allura da ƙwayoyi, kuma a yi wa matan gida duka a lokaci guda, a ƙaurace wa shimfiɗa kwana 7. Wanda ya dawo daga cin rani da wata alama ya fara biyawa asibiti. Gyambo marar ciwo da ya fito kusan mako uku bayan saduwa, da kaluluwa, ya warke da kansa, tunjere ne ya shige cikin jini, a yi awo. Wani gyambon kuma magani ne ke kawo shi: akwai mutanen da duk sanda suka sha kotirimokzazol, wanda aka fi sani da Bactrim, sai tabo ya fito a kan gabansu a wuri ɗaya, ya saɓule. A daina shan sa, a gaya wa kowane likita. Duk gyambo ko tsiro da ya kai mako 4 bai warke ba, musamman ga dattijo, sai an yanki ɗan nama an auna saboda sankara. Masu ɗura bazilin ko wani mai a ƙarƙashin fata don ƙarin girma kuwa, man ba ya narkewa, yana zama dunƙule mai tauri da gyambo, ƙarshensa sai an feɗe fatar.

Kumburin da ba ya ciwo, mai laushi, wanda ya haɗa da maraina da ƙafafu, ba daga gaba yake ba. Yaron da ya tashi da safe fuska a kumbure ana duba ƙodarsa ko tamowa, babba kuma zuciya, hanta, ƙoda, ko tundurmi.

Matakin farko shi ne CSI mafi kusa, wato ƙaramin asibitin gari ko unguwa. Majo, wato shugaban ma'aikatan lafiya na wurin, yana iya mayar da fatar da ta maƙale, ya tsayar da jini, ya yi maganin ciwon sanyi, kuma tun 2006 duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati. Abin da ke son fiɗa zai tura shi asibitin gunduma, kamar na Ƙonni, Madawa ko Illela, ko babban asibitin jiha da ke Tahoua. Gyaran hanyar fitsari mai wuya yakan kai mutum Yamai, asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde, tafiyar kilomita kusan 550, wadda ba a so a fara ta bayan an riga an ɓata kwana biyu a gida. Malamai sun yi bayani cewa buɗe al'aura ga mai magani saboda larura halal ne, kuma namiji yana iya neman namiji ya duba shi. A bakin ƙofa kada a ce ciwon ciki ne, don za a sa mutum a layin masu jira. A ce: "Majo, matsalar ta gaba ce, tun ƙarfe kaza, kuma fitsari ba ya fita." A riƙo kwalin duk abin da aka sha ko aka shafa, har na gargajiya, da katin rigakafin yaro. Idan ana zaton za a shiga ɗakin fiɗa, kada a ba marar lafiya abinci ko fura a hanya, domin maganin barci yana son ciki ya yi awa 6 babu komai.